Baje kolin zane a jami'ar Zariya: Me ya sa Daura ba ta da irinsa?

Duk ƙarshen zangon karatu, ɗaliban ajin ƙarshe na Sashen Zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, sukan fito da ayyukansu a baje. Akwai zanen fenti, da sassaƙa, da abubuwan da aka ƙera da ƙarfe ko siminti. Maƙwabtansu masu koyon tsara kayan masana'antu kuma su kawo tukwane da yadi mai ado. Malamai su duba su ba da maki, baƙi su zagaya su yi kallo, mai rabo ya samu wanda zai sayi aikinsa.

Abin ba yau ya fara ba. A 1955 aka ɗauko karatun zane daga Ibadan zuwa Zariya, a kwalejin da ta zama tushen jami'ar a 1962. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ƙorafinsu shi ne malamansu Turawa na koya musu zane kamar a Ingila ake zaune. Sai suka ce za su riƙe dabarun da suka koya, amma kowa ya koma gida ya ɗebo adon kakanninsa. Okeke ya ɗauko zanen uli na ƙasar Ibo, Onobrakpeya kuma ya shiga tatsuniyoyin Urhobo. Daga baya aka yi musu laƙabi da "'Yan tawayen Zariya".

Ƙungiyar ta watse a 1961, amma sunanta bai mutu ba. A watan Oktoban 2025 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya buɗe baje koli kan zanen zamani na Najeriya, kuma ayyukan waɗannan ɗalibai na cikin abin da aka nuna.

Abin lura shi ne, a ƙasar Hausa aka yi wannan yunƙuri, amma waɗanda suka yi fice a cikinsa 'yan kudu ne. Har gobe iyaye da yawa a nan ba sa ɗaukar zane a matsayin karatu. Wasu na ganin ba ya kawo abinci, wasu kuma na ƙyamar zana mai rai saboda addini.

Sai dai zane ya fi hoton fuska faɗi, kuma Daura shaida ce. Dubi zayyanar da alaramma ke yi wa allon sauka. Dubi aikin dukawa a jikin fata, da ɗinkin aska takwas a babbar riga, da kayan adon doki da ake fitowa da su a hawan Sallah da Sallar Gani, da dagi da magina ke fitarwa a fuskar soro. Duk wannan zane ne, kuma shi ne irin abin da 'yan tawayen suka ce a koma a nemo. Jami'ar ta Zariya ma ta yarda da haka, domin a 1977 ta ba Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke jikin naira 20, digirin girmamawa, alhali a hannun danginta ta fara koyon sana'ar.

Matsalar ita ce wannan ado yana tafiya. Gidan ƙasa ya faɗi a damina, a tayar da bulo, zanen bangon ya tafi ke nan. Tsohon badukun da 'ya'yansa suka koma acaɓa ko sayar da waya, ranar da ya kwanta dama hannunsa ya bi shi.

Yanzu Daura na da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Kwalejin Yusuf Bala Usman. Ɗakin taro da farfajiya ba su yi ƙaranci ba. Baƙi kuma na zuwa ganin rijiyar Kusugu da fadar Mai Martaba Sarki. Da ɗaya daga cikin makarantun za ta ware mako guda a lokacin Gani, ta gayyato dukawa da magina da masu zayyana su baje tare da ɗaliban zane daga Zariya, da yaron sakandare zai ga cewa abin da kakansa ke yi a zaure ana karanta shi har digiri.

Abin da hakan ke buƙata bai wuce ɗaki mai haske, da tebura, da takardar da za a rubuta sunan mai aikin da garinsu ba. Sai kuma shugaban makaranta da zai sa hannu.