ACHMATOWICZ: ASALI DA MA'ANA DA YAƊUWAR WANI SUNAN ZURIYA A ƘASAR POLAN

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin wani sunan zuriya guda ɗaya tak daga ƙasar Polan, watau Achmatowicz, a ga inda ya samo asali, da abin da yake nufi, da kuma dalilin da ya sa masu amsa shi ba su da yawa. Na fara cin karo da sunan ne a ɗakin hutawar malamai, sa'ad da wani abokin aikina mai koyar da ilmin sinadarai ya nuna mini shi a cikin littafinsa, yana neman in furta masa, tun da a cewarsa mu ne masu harshe. Da na kakkarya kalmar gaɓa-gaɓa sai na ji Ahmadu a cikinta. Wannan ne ya sa na shiga bincike, kuma abin da na tarar shi ne cewa sunan rabi biyu ne, kowane rabi da labarin da yake ɗauke da shi: na farko yana nuna addinin da wata al'umma ta riƙe, na biyu kuwa yana nuna harshen da ta ɗauka bayan nata ya suɓuce mata.

Tun da za mu yi ta ambaton sunan, ya kamata a san yadda ake faɗinsa. A rubutun Polan, "ch" daidai yake da harafin ha mai ruwa na Larabci, "w" ana furta shi kamar "v" na Turanci, "cz" kuwa shi ne "c" namu na "ciki". Saboda haka Bahaushe zai ce Ahmatobic, yana ƙarfafa gaɓar "to".

2.0 Ƙirar Sunan

Sunayen zuriya a Polan sun kasu gida-gida bisa ga ɗafa-ƙeyar da suke ɗauke da ita. Mafi shahara ita ce -ski, wadda tun asali take jingina mutum ga gari ko gandun da ya mallaka, kusan yadda muke cewa Aminu Kano ko Sa'adu Zungur. Wannan ɗafi yana bambance jinsi, domin idan miji Kowalski ne, to matarsa Kowalska ce. Akwai kuma sunayen da ba su da ɗafin jingina, irin su Nowak, wanda ya fito daga kalmar da ke nufin "sabo", watau baƙon da ya sauka gari. Sa'an nan akwai -owicz da 'yar'uwarta -ewicz, masu ma'anar "ɗan wane". Wannan ita ce ta shafe mu.

A tsohon harshen Polan wannan ɗafi -owic ne, ba shi da "cz". Siffar -owicz ta shigo ne daga gabas, daga harsunan Rusawa na yankin da yake Belarus da Yukiren a yau, ta kuwa danne ta asalin a wajejen ƙarni na 16 da na 17. Don haka duk sunan da ya ƙare da ita, abu na farko da manazarci zai zata shi ne gidan ya fito daga gabas, kamar gidan mawaƙi Mickiewicz da na marubuci Sienkiewicz. A takardun hukuma ɗafin ba ya bambance namiji da mace, ko da yake a maganar dā akan ce wa matar gidan Achmatowiczowa, 'yarsa kuma Achmatowiczówna.

Saiwar sunan, watau Achmat, ba baƙuwarmu ba ce. Ahmad ne na Larabci, daga baƙaƙen nan uku h-m-d waɗanda suka haifi Muhammadu da Mahmudu da Hamidu, kuma yana bisa ma'aunin fifiko, watau "mafi yabo". Abin lura shi ne yadda kowane harshe ya sarrafa kalmar bisa tsarin sautinsa. Hausa ba ta son kalma ta ƙare da baƙi, sai ta ƙara wasali ta ce Ahmadu, wani lokaci ta yar da "h" ta ce Amadu. Harsunan Turkawa ba su damu da baƙi a ƙarshe ba, amma sukan ɗauke masa ziza, sai "d" ya koma "t", a sami Ahmet ko Ahmat. Su kuma Silabawa ba su da "h" ɗin nan na maƙogwaro, sai suka matso da shi hanɗa. Ashe ke nan "t" ɗin da ke tsakiyar Achmatowicz shaida ce cewa sunan bai zo Polan kai tsaye daga bakin Larabawa ba, sai da ya ratsa ta bakin Turkawa. Idan aka haɗa rabi da rabi, ma'anar ita ce "Ɗan Ahmadu", ƙira ɗaya da Ɗanfodiyo ko Ɗantata, sai dai mu muna ɗafawa a goshi, su suna ɗafawa a ƙeya.

3.0 Mutanen da Suka Kawo Sunan

Turkawan da ake magana su ne Tatarawa, waɗanda malamanmu suka san sunansu daga littattafan tarihi. Sun fito daga daular zuriyar Jingis Han da ta mallaki filayen kudancin Rasha, wadda Musulunci ya kafu a fadarta a zamanin Uzbek Han, daga 1313. Da Taimur ya karya sarkinsu Toktamish a 1395, sai shi da jama'arsa suka nemi mafaka wurin Witold, sarkin Lituwaniya, wanda ya zaunar da wasunsu a kewayen Wilno da Troki a ƙarshen ƙarni na 14. Ya ba su filaye bisa sharaɗin duk lokacin da aka buga tambarin yaƙi za su fito da dawakansu. Sun kuwa cika alkawari, domin a yaƙin Grunwald na 1410 Jalaluddin ɗan Toktamish ne ya jagoranci rundunarsu. Daga sunan Lituwaniya a bakin Tatarawan Kirimiya aka sami laƙabin da ake kiransu da shi, watau Lipka. Da Lituwaniya ta haɗe da Polan a 1569, sai suka zama talakawan ƙasa ɗaya.

Galibin waɗanda suka zo mayaƙa ne ba iyali, sai suka auri matan ƙasar. Yaro kuwa harshen uwarsa yake fara ji. Kafin ƙarni na 16 ya ƙare, yawancinsu sun daina jin Tataranci, sun koma harshen Belarus da na Polan. Amma ba su saki addini ba, kuma a nan ne suka yi abin da kakanninmu suka yi: suka riƙa rubuta harshen da suke ji da haruffan Larabci, har suka ƙirƙiro sababbin haruffa don sautukan da Larabci ba shi da su, kamar yadda aka yi wa "ts" a ajaminmu. Littattafan nasu suna kiransu kitab da tefsir da chamaił. Wannan na ƙarshe ƙaramin kundin addu'o'i ne da ake yawo da shi, kuma saiwarsa ɗaya da hamilar takobinmu, tun da dukansu abin ratayawa ne. Achmatowicz ɗan wannan zamani ne: uba ya raɗa wa ɗansa sunan Musulunci, amma jikan da za a kira "ɗan Ahmat" sai da ɗafin Silabawa aka kira shi, domin shi ne harshen da ake yi a gidan.

3.1 Yadda sunan uba ya zama sunan zuriya

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali kuwa a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin. Da farko -owicz yana sauyawa ne daga tsara zuwa tsara, kamar yadda muke yi: Ali ɗan Ahmat shi ne Achmatowicz, amma ɗan Ali sunan Ali zai ɗauka. Abin da ya daskarar da sunan shi ne ƙasa da takarda. Tun da filin Batatare na aikin soja ne, tilas hukuma ta san wanda ya gaje shi, don ta san wanda za ta kira ran yaƙi. Saboda haka aka riƙa rubuta su tuta-tuta, kamar a ƙidayar rundunar Lituwaniya ta 1528 da binciken filayen Tatarawa na 1631. Mai son ya tabbatar da cewa filin na kakansa ne, ba zai so sunansa ya saɓa wa wanda ke cikin kundi ba. Da haka sunan wani Ahmat guda ya tsaya cik, ya bi jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Wanda ya ga yadda rajistar makaranta da fasfo suke mai da sunan kaka ya zama na gida a wurinmu, ba zai yi mamakin wannan ba.

A nan akwai tarko guda biyu da nake jan hankalin ɗalibai a kansu. Na farko, ɗafin bai nuna wane Ahmat ba ne. Akwai Ahmat Han, wanda ya ja daga da Rashawa a kogin Ugra a 1480, kuma labarin gidan mawaƙiyar Rasha Anna Akhmatova yana jingina kakanninta gare shi. Amma kamancin suna ba hujjar nasaba ba ce, kamar yadda ba kowane Bello ne jikan Sarkin Musulmi ba. Haka kuma Ahmetović na Bosniya ƙirarsa ɗaya da namu, amma ta hannun Usmaniyawa ya zo, babu jini tsakaninsu. Tarko na biyu shi ne a ce za a ƙidaya Tatarawa ta hanyar sunayen da suke da kamannin Musulunci. Da yawansu sun saje, domin Iskandar ya koma Aleksander, Yusuf ya koma Józef, sai aka sami Musulmi masu amsa Aleksandrowicz da Józefowicz da Jakubowski, sunayen da Kirista da Yahudawa ma suke amsawa. Muftin farko na ƙungiyar Musulmin Polan, wadda aka kafa a Wilno a 1925, sunansa Jakub Szynkiewicz, ba mai jin sunan ya ce ga addininsa. Achmatowicz ya fita daban ne saboda Ahmad ba shi da takwara a sunayen Kirista da zai ɓuya a bayansa.

4.0 Yaɗuwar Sunan

Polan tana cikin ƙasashen da nazarin yawan sunaye ya yi sauƙi, saboda tun 1979 take da rajistar 'yan ƙasa mai suna PESEL. Daga bayanan wannan rajista na 1990 Farfesa Kazimierz Rymut na Krakow ya fitar da ƙamusun sunayen zuriya mai juzu'i 10 tsakanin 1992 da 1994, inda ya nuna yawan masu kowane suna lardi-lardi. A cikin mutane wajen miliyan 38, masu amsa Nowak kaɗai sun kai kimanin 200,000. Achmatowicz yana can ɗaya ƙarshen ma'aunin, kuma lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna dalili: a ƙidayar 2011 mutum 1,916 ne kacal suka ce su Tatarawa ne, su kuma sun rarrabu gidaje da yawa. Sunan da ya cika duniyar Musulmi, ga shi ya zama abin nema da fitila, saboda tukunyar da aka dafa shi a ciki ƙarama ce.

Amma ƙanƙantar al'umma ba ita kaɗai ba ce. Iyakar ƙasa ma ta yi nata aikin. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, Tatarawan Polan sun kai tsakanin 5,000 da 6,000, da masallatai 17, galibinsu a lardunan Wilno da Nowogródek. A 1945 aka ja iyakar Polan zuwa yamma, waɗannan larduna suka faɗa Tarayyar Sobiyet, kuma a yau suna cikin Lituwaniya da Belarus. Daga tsofaffin masallatan, biyu ne suka rage a Polan, na katako ne, a ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany, inda Sarki Jan Sobieski ya ba sojan Tatarawa filaye a 1679 a maimakon bashin albashinsu. Waɗanda suka yi ƙaura suka watsu a Białystok da Gdańsk da Warsaw da garuruwan yamma. Waɗanda suka zauna kuwa aka rubuta sunayensu da haruffan Rasha, ko kuma da ɗafin Lituwaniya, wanda yakan mai da -owicz ya zama -avičius ko -ovičius. Ga kuma bambancin wasali tsakanin Achmat da Achmet. Saboda haka gida ɗaya yana iya rabuwa cikin rajistar ƙasa uku da rubutu iri-iri, kuma wanda ya duba ta Polan kaɗai ya ga reshe ne, bai ga itacen ba.

Duk da ƙarancin masu sunan, gida ɗaya ya isa ya fitar da shi duniya. Aleksander Achmatowicz, wanda ya rayu daga 1865 zuwa 1944, lauya ne, ya riƙe ministan shari'a a gwamnatin Kirimiya ta 1918, sa'an nan ya zama ɗan majalisar dattawan Polan a 1928. Ɗansa Osman, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1988, ya yi karatu a Wilno da Okusfod, inda ya yi bincike tare da Robert Robinson a kan dafin nan na sitirikinin, wanda ake samu daga wani itace dangin ƙoƙiya, daga baya kuma ya shugabanci jami'ar fasaha ta Łódź. A lura da sunayen: uba Aleksander, ɗa Osman, watau Usman. Wannan komawa ga sunan Musulunci ta dace da lokacin da masu ilmin Tatarawa suka tashi neman asalinsu, lokacin da ya kai ga Stanisław Dziadulewicz ya buga kundin nasabar gidajen Tatarawa a Wilno a 1929. Jikan Aleksander, shi ma Osman, shi ne a 1971 ya bayyana wata hanyar sarrafa sinadarin furan don haɗa dangogin sukari, wadda masana suka raɗa wa sunansa. Ita ce abokin aikina ya tarar a littafinsa ran da ya ce in furta masa.