Ko Kun Sani? Ƙasar da Gwamnati ke Yanke Farashin Tabar Wiwi

A ƙasar Uruguay da ke Kudancin Amurka, gwamnati ce ke yanke farashin tabar wiwi, kuma a shagunan magani ake sayar da ita. Ƙasar ce ta fara halatta noma da cinikinta a duniya, a Disambar 2013, zamanin Shugaba José Mujica, sai dai ba a soma sayarwa ba sai a Yulin 2017, inda giram ɗaya ya kama kusan dala 1.30. Ba kowa ake sayar wa ba: sai ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin da ya kai shekara 18 ya kuma yi rajista, wanda zai ɗora yatsarsa a kan na'urar tantancewa kafin a miƙa masa ƙunshi mai giram 5, kuma ba zai wuce giram 40 a wata ba. An sassauta farashin ne da gangan domin a raba masu fataucin ɓoye da kasuwarsu, abin da kamu da ɗauri suka daɗe ba su cimma ba. Baƙi masu yawon buɗe ido ba su da izinin saye, kuma doka ta haramta tallata ta.