Nahodha, Makiyayin Baƙi a Tekun Zanzibar

Bahaushe ya san murjani a wuyan amarya. Wancan ja ne, yawanci daga Bahar Rum. Na Zanzibar kuwa gona ce mai rai a ƙarƙashin ruwa, ƙananan halittu ne ke gina wa kansu gidan dutse har ya zama unguwar kifaye. Akwai mutanen da abincinsu ke nan: su ɗauki baƙo a jirgi, su kai shi ya leƙa gonar, su dawo da shi lafiya. Da Swahili ana kiran matuƙin jirgin nahodha.

Da yawansu 'ya'yan masunta ne na Nungwi da Matemwe da Fumba, a tsibirin Unguja. A Nungwi har yau ana sassaƙa jiragen a bakin teku da gizago, ana cusa auduga tsakanin katako don toshe yoyo. Ƙaramin, ngalawa, daga gungumen mangwaro ake fafe shi, a ɗaura masa fukafukai biyu na itace kada ya kife. Mashua ta fi girma, ita ke kwasar ayari, da filafilinta mai kusurwa uku da injin Yamaha a baya.

Baƙo da agogonsa yake zuwa, nahodha kuwa wata yake dubawa, don cikar teku da janyewarsa wata suke bi. A gabashin tsibirin teku kan janye har jirgi ya zauna a kan yashi kamar an ajiye akushi, sai an jira ruwa ya dawo. Ga kuma iska iri biyu: kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai ƙarfi da ke biyo bayanta daga kudu. Wanda bai san halinsu ba, fasinjojinsa za su sha amai kafin su ga kifi ko ɗaya.

Amma a ganina wuyar aikin tana ga mutanen. Kafin a isa Mnemba, ɗan tsibirin da ba a yarda kowa ya sauka a kansa ba sai baƙin masaukin da ke ciki, nahodha ya riga ya karanci kowa. Mai cika baki cewa ya iya iyo, shi ake fi sa wa ido. A raba tabaran ruwa da bututun numfashi da takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa. Sai yaron jirgi ya nuna dabarar da ke sa Turawa yamutsa fuska: ka tofa yawu a gilashin, ka murza, ka ɗauraye, ba zai yi hazo ba. Daga nan a faɗa ruwa, yaron yana gaba yana jan tayar ceto, masu tsoro sun rirriƙe ta. Nahodha na tsaye a jirgi yana ƙirga kawuna, ya gama ya sake, kamar Bafulatani da garke a bakin daji. "Pole pole," yake cewa, wato sannu-sannu. Doka ɗaya ce ba ya sassautawa: kada ƙafa ta taka murjani. Yana yanka kamar reza, ga bushiyar teku mai ƙaya a lungunansa, kuma reshen da aka karya yau sai ya yi shekaru kafin ya mayar.

Ba duka ne ke kiyayewa ba, gaskiya. Wani ya jefa anga ta farfasa dutsen, wasu su yi wa dolfin taron dangi da injuna don baƙo ya ƙara musu na goro. Ga zafin teku na 1998 da ya sa murjani mai yawa ya yi fari fat ya mutu. A tsibirin Chumbe, wanda aka keɓe ruwansa a 1994, tsofaffin masunta aka horar suka zama masu gadi, kuma a cikin ruwan ana ganin bambancin.

Afrilu da Mayu, lokacin ruwan masika, baƙi kan yi ƙaranci, wasu matuƙa su koma ga koma da ƙugiya. Sauran watanni kuwa, da la'asar sai a kashe inji don tattalin fetur, a ɗaga filafilai, a yanka abarba da kankana. Yaron jirgi na zuba tabarau a bokiti yana ƙirgawa, don wanda ya ɓata daga ladansa za a cire.