Sabon Windows Bai Lalata Sabar Ofishinku Ba

Tun da kamfanin Microsoft ya rufe wa'adin kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ofisoshi da shagunan buga takardu suka shiga rububin komawa Windows 11. Bayan rububin sai ƙorafi ya biyo, kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina: wai sabon Windows yana kashe netwok. Akawu ya zo da safe ya buɗe manhajar lissafi, ta ce ba ta ga sabar ba. Sakatare ya tura takarda zuwa firintar ofishin da ke gaba, shiru kake ji. Sikanar da ta yi shekaru tana zuba takardu cikin foldar da kowa ke ɗiba ta tsaya cak. Allo kuwa sai ya nuno wata lamba, 0x80070035, da bayanin cewa ba a sami hanyar netwok ba. Nan take ake yanke hukunci: da gangan Bature ya ɓata abin don a sayi sabbin kaya.

Ba wanke kamfanin zan yi ba. Sharaɗin da ya gindaya wa Windows 11 na na'urar tsaro ta TPM 2.0 kaɗai ya bar ɗimbin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya a baya, musamman na hannu da muka fi saye a kasuwanninmu. Amma a wannan matsala zargin ya kauce hanya. Waya lafiya lau take, sabar tana kunne, mai kukan netwok ya ɗauke ma yana kallon YouTube a kan kwamfutar da yake kukan da ita. Abin da ya faru shi ne sabuwar manhajar ta ƙi yarda ta yi hulɗa da sabar bisa tsoffin sharuɗɗa.

Yawancin musayar fayil da firinta tsakanin kwamfutocin Windows tana tafiya ne bisa wata ƙa'ida da ake kira SMB. Wani injiniyan kamfanin IBM, Barry Feigenbaum, ya fara tsara ta a 1983, zamanin da kwamfutocin ofis 'yan ƙalilan ne kuma ba wanda ya haɗa su da duniya. Zubi na biyu ya fito tare da Windows Vista a 2006, na uku kuma da Windows 8 a 2012. Duk da haka masu ƙera firinta da sikana da ƙananan akwatunan ajiyar fayil suka ci gaba da liƙe wa zubin farko, don ya fi sauƙi da arha. Kayan nan su ne suka cika ofisoshinmu.

Ranar 12 ga Mayu, 2017 aka ga illar haka. Muguwar manhajar nan WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a zubin farko na SMB, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Ba sai wani ya danna wani abu ba. Da ta shiga kwamfuta ɗaya, da kanta take tsallakawa zuwa na kusa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin ɓarakar, masu ofisoshi ne ba su ɗora ba. Daga ƙarshen 2017 kamfanin ya fara cire tsohon zubin daga sabon Windows.

Mataki na biyu ya zo da zubin Windows 11 mai suna 24H2 a Oktoban 2024, kuma shi ne ya fi cizon mutane yanzu. Abu biyu aka canza. Na ɗaya, dole kowane saƙo tsakanin kwamfuta da sabar ya ɗauki sa hannu na lissafi, don a tabbatar ba wanda ya tare shi a hanya ya sauya shi. Na biyu, a Windows Pro an rufe shiga a matsayin baƙo, wato buɗe folda ba suna ba kalmar sirri.

A ɗauka gidan wani attajiri ne da aka saba shiga zaurensa da sallama kawai. Yaran unguwa su shiga, mai tallan goro ya shiga, ɗan aike ya miƙa saƙo da baki a karɓa. Bayan an yi sata a maƙwabta sai aka ɗauko sabon mai gadi, aka ce masa kowa ya faɗi sunansa, saƙo kuma sai mai hatimi. Washegari tsohon ɗan aiken gidan, wanda bai taɓa riƙe takarda ba, ya zo aka tare shi. Zauren bai rushe ba, ƙofa ba ta toshe ba, mai gadin ma bai haukace ba. Kuma tunda baƙo ba shi da suna a gidan, ba shi da hatimin da zai buga. Shi ya sa sharuɗɗan biyu suke haɗuwa su kama tsohuwar foldar ofis a lokaci guda. Windows Home bai tsananta haka ba, don haka sai ka ga laftof ɗin yaron ofis tana buɗe foldar, ta manaja mai tsada ta ƙi. Daga nan sai a ce ta manajan ce ta lalace.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin gyaran da ake yi. An kira injiniya, ya zauna minti goma, ya kunna tsohon SMB, ya kashe sharaɗin sa hannu, ya buɗe wa baƙi, in abin ya ƙi ma ya kashe katangar tsaron kwamfutar baki ɗaya. Folda ta buɗe, kowa ya ce sannu da aiki, an biya shi kuɗin mota. Ba wanda ya tambaye shi me ya taɓa. An yi irin wannan a Satumbar 2021, lokacin da facin ɓarakar firintoci ya sa ofisoshi da yawa suka riƙa ganin lamba 0x0000011b. Maganin da ya fi yaɗuwa shi ne a shiga cikin Windows a kashe kariyar da facin ya kawo. Har yau akwai kwamfutocin da ke ɗauke da wancan rauni, kuma a cikinsu ake ajiye albashin ma'aikata da bayanan marasa lafiya.

Gyaran gaskiya ba shi da wuya sosai, haƙuri yake so. Da farko a duba ko bayan sabuntawar Windows ya ɗauki netwok ɗin ofis a matsayin na waje, wanda yake kira Public, domin a wannan hali da gangan yake ɓoye kwamfutar ya hana musayar fayil; a mayar da shi Private. Sannan a gwada kiran sabar da lambarta ta IP maimakon sunanta. In ta amsa da lamba amma ta ƙi amsawa da suna, matsalar ta neman suna ce, ba ta SMB ba. In ofishin na da babbar sabar da ke tantance ma'aikata, a dubi agogo: bambancin da ya wuce minti 5 ya isa a ƙi karɓar kalmar sirri, kuma tsoffin kwamfutocin da ƙaramin batirinsu na ciki ya mutu sukan farka da tsohuwar shekara duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Bayan haka sai a zo ga ainihin aikin. A buɗe wa kowane ma'aikaci suna da kalmar sirri a kan sabar, a daina foldar kowa da kowa. A ɗora wa firinta ko akwatin ajiya sabuwar manhajarsa daga kamfanin da ya ƙera shi, domin da yawansu sun iya sabon zubin SMB, ba a taɓa kunna musu ba ne. Sikanar da ta tsufa har ba ta iyawa, a sa ta riƙa tura takardu ta imel ko ta kebul. Wanda kuma aiki ya tsaya masa cak, Windows kan ba da kwana 10 a koma tsohon Windows ɗin kafin ya share shi, lokacin da ya isa a shirya a sake hawa.

Shugabannin ma'aikatu kuwa, da su nake. A kasafin kuɗi ana ganin sayen sabbin kwamfutoci kusan kowace shekara, saboda kwali abin nunawa ne a hoto, amma da wuya ka ga an ware wa mai kula da su wani abin kirki. Sai umarni ya sauko daga sama cewa a sabunta duka kafin Litinin, ba a gwada a kwamfuta ɗaya ba, ba a kwafe fayiloli ba, ba a ko rubuta wace na'ura ce ke magana da wace ba. Microsoft ya sanar da waɗannan sauye-sauye watanni kafin su iso. A yawancin ofisoshin da abin ya shafa, babu ma'aikaci ko ɗaya da karanta irin wannan sanarwa ke cikin aikinsa.