Gada Tana Faɗin Ciwonta Kafin Ta Faɗi

Duk wanda cunkoso ya taɓa tsare shi a kan gadar Third Mainland ta Legas ya san yadda abin yake: mota a tsaye, amma ƙasa tana ɗan kaɗawa, fasinjoji suna ta salati. A wurin injiniya wannan kaɗawar ba abin tayar da hankali ba ce. Kowace gada tana girgiza, da haka aka gina ta. Abin da yake sa wa ido shi ne ranar da girgizar za ta sauya salo.

Kowace gada, da kowane bim da ke ɗauke da dakin, suna da nasu saurin kaɗawa, wanda nauyinsu da taurinsu suke ƙayyadewa. Idan kankare ya tsage, ko tsatsa ta ci rodin da ke ciki, taurin yakan ragu, sai kaɗawar ta yi sanyi, yanayin lanƙwasawar ma ya canza. Mai sayen tukunya a kasuwa ya san wannan tun tuni: yakan ƙwanƙwasa ta, idan amon ya dushe ya ajiye, ko bai ga tsagin ba.

Injiniyoyi kan manna ƙananan na'urorin auna motsi a jikin gada, dangin wadda take juya hoton wayar salula idan an karkata ta. Motoci da iska su suke kaɗa gadar, na'urorin suna rubutawa dare da rana, kwamfuta kuma tana gwada awon yau da na lokacin da gadar take lafiya lau.

Sai dai aikin bai zo da sauƙi haka ba. A 1993 masu bincike a Amurka sun samu wata gada a kan kogin Rio Grande, a birnin Albuquerque, wadda ake shirin rushewa. Suka riƙa yanka babban ƙarfen da ke ɗauke da ita da gangan, mataki huɗu, suna aunawa. Yanka uku na farko kusan ba su nuna komai ba, sai a na huɗu, da ɓarnar ta yi muni, saurin kaɗawar ya faɗi a fili. A Suwizalan kuma an sa ido kusan shekara guda a kan gadar Z24 kafin a rushe ta a 1998, aka gano cewa sanyi kaɗai, idan kwalta ta daskare ta yi tauri, yana iya sauya awon fiye da yadda ƙaramar ɓarna take yi. Ke nan dole a san halin gada a kowane yanayi na shekara kafin a ce mata ba ta da lafiya. Na'ura takan ce akwai matsala, amma sai mutum ya hau tsani ya duba da idonsa.

Labarin da ya fi ciwo shi ne na gadar Morandi a birnin Genoa na Italiya. A 2017 masana daga jami'ar fasaha ta Milan sun auna girgizarta, suka ga igiyoyin ƙarfen ginshiƙi na 9 ba sa motsi yadda ya kamata, suka ba da shawarar a ƙara bincike a kuma kafa na'urorin sa ido na dindindin. Aka bar motoci suna bi. Ranar 14 ga Agusta 2018, ana tsuga ruwa, wannan ginshiƙin ya rufta, mutum 43 suka rasu. Awo ya yi nasa aikin, masu yanke hukunci ne suka yi nawa. Sabuwar gadar da aka buɗe a wurin a 2020 cike take da na'urori, kamar wadda ta maye gurbin gadar Minneapolis da ta kashe mutum 13 a 2007.

Talaka ba shi da na'ura, amma yana da ido, kuma sau da yawa ɓarnar daga hannun jama'a take fitowa. Gobarar da ta tashi a rumfunan ƙarƙashin gadar Apongbon a Legas a Maris 2022 ta sa an rufe ta sama da shekara, domin wuta tana farfasa kankare ta raunana rodi. Lodin da ya wuce kima, da haƙar yashi a gindin ginshiƙi, da satar ƙarafa, duk suna rage wa gada kwana.

Wanda ya ga rodi ya fito fili ya yi ja, ko tsagi yana ƙara buɗewa, ko kankare yana zuba, ko ya ji gadar da ya saba bi kullum ta fara wata sabuwar ƙara, to ya ɗauki hoto ya kai wa ma'aikatar ayyuka ko jami'an kiyaye haɗurra mafi kusa. Kada ya jira sai wani ya kai.