In Tankar Mai Ta Faɗi: Aikin Ɗan Sanda Da Namu Aikin

Da bazarar da ta wuce na biyo tirelar shanun Baba daga Arewa za mu Kara. Tsakanin Ogbomosho da Oyo muka tarar da gosulo, ashe tankar fetur ce ta kwanta a gefen hanya tana zuba. Wani ɗan sanda mai igiya uku ya taho a guje yana dukan motoci da hannu, yana cewa kowa ya kashe inji ya sauka ya koma baya. Direbanmu ya ƙi. Ya ce shanu sun kwana biyu a tsaye, in ya tsaya a wannan rana za su fara faɗuwa, shi dai a bar shi ya lallaɓa ta gefe ya wuce. Ɗan sandan bai tsaya gardama ba, ya hau ya zare makulli ya sa a aljihu.

Wallahi ranar na zage shi a zuciyata. Mun yi awa huɗu a wurin, sai da muka yanka bijimi ɗaya da ya gaza. Sai daga baya, da na zauna na karanta yadda ake horar da jami'an tsaro kan kaya masu haɗari, na gane mutumin nan aikinsa ya yi, kuma ta yiwu shi ne sanadin da nake numfashi yau.

Mu mazauna Kudu abin nan ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Kasuwannin shanunmu, da teburin mai shayi, da tukubar mai tsire, da tashar 'yan acaɓa, kusan duk a bakin manyan tituna suke, inda tankokin da suka yi lodi a Apapa ko Fatakwal ke bi dare da rana. A ranar 28 ga Yuni, 2018, tankar fetur ta kama da wuta a gadar Otedola, nan kusa da Berger, ba nisa da Kara. Motoci sama da 50 suka ƙone, aƙalla mutum 9 suka rasu. A Satumbar 2024 a hanyar Agaie ta Jihar Neja, tanka ta yi karo da babbar motar da ta ɗauko mutane da shanu, mutum 48 aƙalla suka mutu, shanu kusan 50 suka ƙone. Duk ɗan kasuwar shanu ya san irin wannan mota, mu ne a kanta.

Abu na farko da ake koya wa jami'i shi ne, ba ruwan fetur ɗin ne ke kama wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururi ko da sanyin asuba, balle da rana. Kuma tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya gangara cikin kwata da rami da ƙarƙashin gada, ido ba ya ganinsa. In ya tarar da wuta a can nesa, wutar ce za ta biyo shi da baya har gindin tankar. Shi ya sa mutum zai ce ai ni ina nesa, alhali yana tsaye a tsakiyar abin. Guntun taba, salansar babur mai zafi, tartsatsin batir, garwashin mai tsire, rishon mai shayi, kowanne ya isa. A Dikko ta Jihar Neja, a Janairun 2025, an kunna janareta ne za a juye man zuwa wata tankar, wuta ta tashi, mutum sama da 80 suka hallaka. Da direbanmu ya bi ta gefen tankar nan da injinsa a kunne, ka ga abin da muke nema.

Na biyu, jami'i ba ya afkawa wurin kai tsaye. Ana koya masa ya tsaya daga nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa, wato iska tana bugun bayansa, kuma a kan tudu, ba a gangare ba. Daga can zai duba ya gane mene ne a cikin motar. Akwai alamomin da duniya ta yarda da su, allo mai kusurwa huɗu da ake kafawa a tsaye kan tsininsa. Ja mai hoton harshen wuta da lamba 3 na nufin ruwa mai kama wuta. Lamba 2 iskar gas ce. Fari mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba ne. Rawaya mai lamba 5 sinadari ne da ke ƙara wa wuta ƙarfi. Lamba 8, mai hoton ruwa na ɗiga a hannu, abu ne mai cin fata kamar asid. Akwai kuma lamba huɗu a jere: 1203 fetur, 1202 dizal wanda direbobi ke kira gas, 1223 kananzir, 1075 gas na girki. Gaskiya ba kowace mota a titunanmu ke ɗauke da su ba, to nan jami'i zai nemi direba ko karen mota da takardar lodi. In bai samu ba, sai ya ɗauka mafi munin abu ne a ciki.

Na uku shi ne wanda muka fi jin haushinsa: korar mutane. Akwai littafin jagora na masu kai ɗaukin gaggawa da hukumomin sufuri na Amurka da Kanada da Meziko suke fitarwa, ƙasashe da yawa na aiki da shi. Ga fetur, ya ce a fara killace aƙalla mita 50 ta kowane gefe. In zubar ta yi yawa, a kwashe mutane mita 300 ta inda iska ke dosa, wato tsawon filin ƙwallo uku. In tankar kanta ta kama wuta, mita 800 ta kowane gefe. In kuwa tankar gas na girki ce a cikin wuta, mita 1600, domin ita in zafi ya dafa ta, fashewa take yi gaba ɗaya ta yi jifa da ɓaraguzan ƙarfe. Ka auna wannan da inda muke tsayawa muna ɗaukar bidiyo da waya.

Na huɗu, ya kira masu kayan aiki. Ɗan sanda ba ɗan kwana-kwana ba ne, ba shi da rigar wuta, ba shi da kumfar kashe gobarar mai. Ruwa kuwa fetur a kansa yake yawo, in ka watsa bokiti sai ka ƙara shimfiɗa wutar. Nasa shi ne ya tare hanya, ya karkatar da motoci tun daga nesa, ya bar wa motar kwana-kwana da ta asibiti hanya, ya faɗa musu abin da ke cikin tankar da inda yake gangarawa. Wannan kiran kowa ma zai iya yi: 112 a faɗin ƙasa, 767 a Legas, 122 kuma na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC.

To amma jami'i biyu ko uku ba za su iya tare mutum ɗari biyar masu jarka ba. A Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktobar 2024, jami'an tsaro sun yi gargaɗi, jama'a suka fi ƙarfinsu suka shiga kwasar mai, mutum sama da 150 suka rasu, aka yi musu kabari ɗaya. Kafin nan, a 2012, irin haka ta faru a Okobe ta Jihar Ribas, kusan mutum 100. Na san talauci ne, na san kuɗin lita yanzu. Amma jarka ɗaya ba ta kai kuɗin kai gawa gida ba, kuma mu da ke nan mun san yadda ake haɗa kuɗin a masallaci. Gwamnati ta hana tankoki masu lita 60,000 yin lodi tun daga Maris 2025, sai dai mai lita 33,000 ma ta isa ta cinye kasuwa guda.

Ga abin da ya rage namu. In tanka ta faɗi kusa da kai, kashe duk wata wuta da ke gabanka, mai shayi ya kashe risho, mai tsire ya zuba wa garwashi ruwa. Kada ka ta da babur ko mota, bar su ka tafi da ƙafa. Nufi inda iska ke fitowa, ka hau tudu, ka guji kwata da ƙarƙashin gada. Masu tura ruwa a kura, don Allah kada jarkokinku su zama na ɗibar mai, kada kuma ku ba wani haya. In fetur ya jiƙa maka riga, yi nisa ka cire ta ka wanke jiki da ruwa da sabulu. Wanda wuta ta kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya yi ta birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata kamar minti 20, ba manja ba, ba ƙwai ba, ba makilin ba, sannan a garzaya asibiti.

Ina roƙon sarakunan Hausawa, da shugabannin kasuwannin shanu, da limamanmu na Agege da Mile 12 da Sabon Shagamu da Sabon Ibadan, su gayyato 'yan kwana-kwana da jami'an kiyaye haɗurra su yi wa matasa bayani ko da sau ɗaya a shekara. Yaranmu sun fi jin maganar Sarki da liman fiye da ta mai kaki, in aka haɗa bakin biyu za a ji.

Da muka isa Kara na ba Baba labarin bijimin da muka yanka, ina ta ƙorafi kan ɗan sandan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni mu nawa ne a kan motar. Na ce mu bakwai. Ya ce, to je ka ci abinci, gobe akwai kasuwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare mu a hanyoyinmu.