Kiɗan Share Fage da Ya Rikita Masu Ibada

A Jamus ta ƙarni na 17 da na 18, kafin mabiya ɗarikar Luther su buɗe baki su rera waƙar ibada a coci, makaɗin ogan ne ke share musu fage. Ogan kayan kiɗa ne mai ɗaruruwan bututu da zugazugi ke hura wa iska, ana kaɗa shi da hannu da ƙafa. Aikin makaɗin bai wuce ya tuna wa jama'a karin waƙar da za a rera ba. Tun 1524 ake buga waƙoƙin Martin Luther da Jamusanci, kowa ya tashi da su a baki. Da jin kari, baitoci sun faɗo wa mutum a rai, kamar yadda Bahaushe ke jin take ya gane wanda ake kaɗa wa tun maroƙi bai ce uffan ba.

Amma gwani ba ya iya ɓoye gwanintarsa. Wani ya ja karin a hankali da ƙafa yatsunsa na ta kai-komo a sama, wani ya lulluɓe shi da ado har sai mai kunne ne zai tsinto shi. Dietrich Buxtehude na birnin Lubek ya yi fice a irin wannan ado.

Don ya ji kiɗan Buxtehude ne Johann Sebastian Bach, yana ɗan shekara 20, ya taka a ƙafa daga garin Arnstadt, inda yake kaɗa ogan a coci, a 1705, tafiyar kilomita kusan 400. Izinin mako huɗu ya nema, ya share kusan wata huɗu. Da ya dawo, dattawan coci suka tsare shi a Fabrairun 1706: ban da daɗewa, wai yana cusa baƙin sautuka a cikin waƙa har jama'a na rikicewa. An kuma ba da shaidar cewa da aka ce yana tsawaitawa, sai ya koma gajartawa fiye da kima. A ganina dattawan ba su yi ƙarya ba. Mai son rera waƙa jagora yake nema.

Daga baya a garin Weimar Bach ya buɗe wani ɗan littafi, Orgelbüchlein, ya rubuta sunayen waƙoƙi 164 a kan shafuka don ya yi wa kowace kiɗan share fage. A wadda ke maganar faɗuwar Annabi Adamu, sautin ƙafa sai tsalle yake yana rikitowa ƙasa, sau da yawa. Kiɗa 46 kawai ya kammala, sauran shafukan suna nan da suna a sama, babu komai a ƙarƙashi.